Ni na wanke gilashin Dakta Safiya

Zuwa ga Farfesa, shugaban ɗakin bincikenmu a nan Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ni ce Rabi mai shara a hawa na biyu, wadda kake ce wa Inna. Na rubuto a fili ne saboda a fili aka yi wa Dakta Safiya hukunci.

Na ɗaya. An hana ta taɓa na'urar nan mai siririyar allura, wai ta yi sakaci gilashin gwajinta ya lalace. Ranka ya daɗe, ni na lalata shi. Ranar Lahadi da hantsi na gan shi a bakin tebur cikin ɗan kwano, fes, ba komai a kai sai shatin yatsa a gefe. Na wanke shi da sabulu har sau uku, ina ganin alheri na yi.

Na biyu. Sai daga baya na san ƙwayoyin zinare ne a kai, waɗanda ido ba ya gani. Wata huɗu tana kusanto da allurar kansu ɗaya bayan ɗaya, tana auna hasken da kowace ƙwaya ke sha. Saura kaɗan ta gama.

Na uku. Akwai takarda a jikin kwanon, amma da Turanci. Ni allo na yi. Da a ce da Larabci aka rubuta, wallahi ko kusa ba zan je ba. Ni da nake cire takalmi a ƙofa don kada takuna ya girgiza na'urar.

Dakta Safiya ta san ni ce. Ta yi shiru saboda tana tsoron a taɓa iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan. Ni kuwa tun ranar in na tsaya salla a Harami, maganar ce ke tsaye a gabana.

Ina roƙo a mayar da ita bakin aikinta, a riƙa rubuta gargaɗi da Larabci, kuma in akwai hukunci a kawo shi kaina. Takardun zamana suna ofishin mudir, mai kula da ma'aikata, na kai da hannuna.

Allah Ya ƙara maka ilimi mai amfani, Ya raya zuri'a, Ya sa mu cika da imani a garin Manzo.

Wassalam.

Inna Rabi