Ƙofa Ɗaya Ta Rage

Landan, Disamba 1788

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba, yaya sanyin Truro? Ki shafa mini kan autarmu Jenifa. Ni lafiya lau nake, kada ki damu.

Gidan wasan kwaikwayonmu yana cika, amma Mista Crouch, mai gidan, ya ce kyandir da gawayi sun cinye shi. Ya koma sayen kyandir ɗin kitse mai tartsatsi, ya sallami mai gyara lagwani da dattijon da ke cika gangunan ruwan kashe gobara a bayan labule. Jiya ya sa aka buga wa ƙofofin gefe ƙusa, don ya huta da biyan masu gadi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in labule ya kama da wuta fa?"

Ya ce, "Ke, ɗinki aka ɗauke ki ko duba?"

Ranar Asabar ake wasan da ribarsa tamu ce, mu ma'aikata, shi ya sa ban gudu ba. Mun sayar da tikiti fiye da kujerun gidan. Ɗakin ɗinkina kuwa a ƙarƙashin dandamali yake.

Ga kuɗin haya, na haɗa har da na bazara. Mayafin ulun da na bari, ki ba Jenifa tun yanzu.

'Yarki,
Tamsin