Amin Ɗin da Ya Mai da Ni Jaki

Yaya Saratu,

"Ishaku, ai ka ce amin, kowa ya ji ka," in ji Habila, shugaban matasan cocinmu. Na ce, "Yaushe amin ya zama ƙuri'a?"

Jiya da yamma muka zauna rabon rawar da kowa zai taka a wasan Kirsimetin da na rubuta, wanda na zuba zuciyata a ciki don Rahila, yarinyar da nake so. Habila ya ce kada mu yi gardama kamar 'yan duniya, mu nemi nufin Ubangiji. Muka rufe ido. Sai gogan naki ya hau godiya, wai an riga an nuna masa: shi ne Yusufu, Rahila ce Maryamu, ni kuwa in lulluɓa buhu in zama jakinsu. Wa zai katse addu'a? Don sabo, bakina ya amsa.

Yau na bi motar safe na bar Kalgo. Ki ba Mama haƙuri, ban ɗebo ruwa ba.

Jiya kafin a watse dai na gaya musu, idona a buɗe: "Matasan Gwandu zan kai wa wasana. Ku rufe ido a saukar muku da wani."