Amanar Zomanya

Sneek, 9 ga Oktoba

Zuwa ga aminiyata Marjan,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jikin? Ina fatan aman ya lafa, kina ɗan iya sa wani abu a bakinki. Yayanki Douwe ya gaya mini tun ranar Litinin aka kai ki ɗakin keɓewa don shirin dashen ɓargon, kuma hasken waya yana sa ki jiri. To, ga shi mun koma takarda da biro, kamar shekara talatin da ɗaya da suka wuce, lokacin da na rubuto miki wasiƙar farko ina caccakarki a kan abin da kika rubuta a mujallar masoya jerin littattafan nan da muke karantawa. Kin ce Orsel mai kwalekwale ta cikin labarin mayaudariya ce. Har gobe ban yarda ba. In mayaudariya ce, me ya sa kika raɗa wa zomanyarki sunanta?

Na san labarinta kike jira, kada in ja ki. Orsel tana nan kalau. Kwana biyun farko ta juya mini baya, ko ganye na miƙa mata sai ta buga ƙafa a ƙasa. A rana ta uku yunwa ta sasanta mu. Yanzu ta ƙwace ƙarƙashin teburin cin abinci, tsohon zomona Bram kuwa ya koma bayan kujera yana hararar duniya. Takardar dokokinki tana manne a jikin firij: busasshiyar ciyawa kada ta yanke, a taje ta kullum da safe, kada a bar zare a ƙasa. Wannan ta ƙarshen har layi uku kika ja mata a ƙasa, kai ka ce da ƙaramar yarinya kike magana.

Gashin da nake tajewa ina tarawa. Na haɗa da wanda kika ba ni a jaka na fara kaɗi, zaren ya fito fari fat, da laushi kamar audugar da aka shiɓa. Hula zan saƙa miki. Kada ki ce komai, na san kin ce ba ki damu da sanƙo ba, amma hunturu bai san da wannan ba.

Ranar Talata mun haɗu saƙa gidan ƙawarmu Hetty kamar kullum. Kujerarki ba wanda ya zauna a kai. Hetty ta ce, "Ku bar mata abinta, mayyar nan in ta dawo ta ji ɗumin wani a kai, sai ta mai da mu kwaɗi." Aka yi dariya, daga nan kowa ya sunkuyar da kai kan saƙarsa. Sun fara shirin kayan da za a sa a taron masoya littattafan na bazara. Na ce musu alkyabbarki ta bokanya tana nan, ke za ki sa abarki.

Ki ci abinci, Mayya. Allah ya ba ki lafiya.

Taki,
Ineke


Sneek, 30 ga Oktoba

Marjan,

Ina gaishe ki da jiki. Douwe ya ce an yi dashen lafiya, yanzu sai jira. Ya kawo mini 'yar takardarki. Na ga yadda rubutunki ya karkace, na kuma ga duk da haka sai da kika gyara mini kuskuren rubutu.

Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Mura ce ta kama ni. Kin tambayi Orsel. Tana nan. Ga hoton da kika ce a aiko miki, na sa an wanke shi a shago don a manna miki a jikin gilashi.

Hular ba ta ƙare ba tukuna. Hannuna ne ya ƙi. Sai in ɗauki allura in ajiye, in ɗauka in ajiye. Talata biyu ke nan ban je gidan Hetty ba, saboda murar.

Ruwa ake ta yi ba ƙaƙƙautawa. Bram ya rage cin abinci.

Kada ki sa komai a ranki sai lafiyarki. Ki ji abin da likitoci suka ce.

Ineke


Sneek, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga Marjan,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwar. Yaya jikin? Na san yanzu kin ji, kuma daga bakin Hetty kika ji, ranar farko da aka ba ki waya. Ban ga laifinta ba. Ni na gaya mata, ita kuwa ta ɗauka kin sani, ta'aziyya ta kira ta yi miki. Ni ce ya kamata in faɗa miki, don haka ga yadda aka yi, ba ragi ba ƙari.

Ranar Alhamis, sha shida ga Oktoba, ina saƙa da hantsi sai mai kawo saƙo ya danna ƙararrawa. Na ajiye kwandon a ƙasa. A ƙasa, Marjan. Na karɓi saƙon, sai ga maƙwabciyata a bakin shinge, muka tsaya surutu a kan gyaran magudanar ruwa, ya kai minti arba'in. Da na dawo na tarar da Orsel a cikin kwandon. Dunƙulen jan ulun da nake yi wa hular baki ya warware, ta tattauna shi. Na zare abin da na gani a bakinta, na ce ai ba komai. Na ma yi mata faɗa ina dariya.

Washegari ba ta taɓa ciyawa ba. Na san abin da hakan ke nufi ga zomo, shekara ashirin ina kiwonsu. Amma na ce bari in ga zuwa yamma, don in na kai ta wurin likita dole in faɗi abin da na yi. Wannan ita ce gaskiyar. Kunya ce ta hana ni. Sai ranar Asabar da safe na sa ta a kwandon keke na tafi. Likitar ta taɓa cikinta ta dube ni ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun jiya da yamma. Ta sake dubana. Aka shiga da ita aiki, ba ta farfaɗo ba.

Hoton da na aiko miki na makon farko ne. Murar ma ƙarya ce.

Na ce wa kaina don lafiyarki na ɓoye. Lokacin jininki ba shi da ƙarfin yaƙar ko tari, na ce wannan labari zai iya kayar da ke. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Tsoron fuskarki nake yi. Na tuna ranar da kika kawo ta, kina tsaye a ƙofar kicin da kejin a hannu, kika ce, "Ke uwar mantuwa, ba ni da kowa sai ita da ke. Kada ɗaya ta kashe mini ɗaya." Muka yi dariya har kika zauna a ƙasa.

Jiya Douwe ya zo ɗaukar kejin. Ko kofi bai yarda ya sha ba. Ya ce, "Ineke, mutuwa ai ba a hana ta. Amma kin san kullum da safe sai ta sa an juyo mata da hoton nan ta ce masa ina kwana? Wajen mako uku tana gai da gawa." Ya tambaye ni ina take, na ce na binne ta gindin bishiyar tuffa a bayan gida.

Hular na warware ta. Ba zan iya ɗora miki ita a ka ba.

Ban ce ki yafe mini ba. In kina son zagina, ki aiko, zan karanta kowace kalma.

Ineke


Sneek, 14 ga Disamba

Marjan aminiyata,

Ina miki sannu da jiki. Wannan ce wasiƙa ta huɗu tun wadda na faɗa miki gaskiya, sauran ukun na yaga su. Kullum ina jin ƙarar akwatin wasiƙa sai in tashi da gudu, in tarar da takardun talla.

Hetty ta zo ranar Lahadi, ta tarar da ni da kayan barci da rana tsaka. Ta kawo miyar wake mai kauri a tukunya, ta buɗe labule, ta ce, "Dube ki don Allah, kamar wadda aka tono. Ai ni ce mai dogon baki, ni ya kamata in ɓuya, ga ni kuwa ina yawo." Ta zauna ta sa ni gaba sai da na ci. Daga nan ta faɗa mini abin da ya kawo ta: dashen bai kama ba. Douwe ya gaya musu ranar Talata. Ni bai gaya mini ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na tambaye ta ko ɓacin rai yana iya jawo haka. Ta ce, "Kada ki fara. Ke ba Allah ba ce, ba ke kike juya ɓargon mutane ba." Na san haka ne. Sanin bai hana ni ƙirga kwanaki ba.

Wataƙila kin ji an sanar da littafi na tara, na ƙarshe. Ran sha ɗaya ga Maris zai fito. Shekara goma sha huɗu muna jira, Marjan. Mun ce za mu ɗauki hutu, mu kashe wayoyi, mu kulle kanmu a gidanki, kowa da nata, wadda ta riga ta gama ba za ta yi tari ba balle magana. Da na ga sanarwar hannuna ya kai kan waya kafin in tuna. Duk duniya ba ni da wanda zan gaya wa. 'Yan Talata sun yi ta murna, an ce har kek aka yanka. Ni na kwashe takwas ɗin daga kan kanta na sa a kwali.

Allurorina ma na ba Hetty ta kai wa masu koyo. Bram yana nan, ya rame. Yakan je ƙarƙashin tebur ya zauna, shi da ko kallon Orsel ba ya yi da tana nan.

Ko layi ɗaya ne, Marjan.

Ineke


Sneek, 20 ga Janairu

Zuwa ga Marjan,

Ina gaishe ki. Douwe ya ce an mai da ke gidan jinya na bakin ruwa, ɗakinki yana kallon jiragen ruwa, kuma ciwon ya yi sauƙi da maganin da suke ba ki. Na gode wa Allah da wannan.

Ya isar mini da saƙonki. Kin ce in ɗebo miki ƙasa daga kabarin Orsel, kina so a sa miki a cikin akwatin da za a binne ki. Wannan ce magana ta farko da ta fito daga gare ki zuwa gare ni cikin wata biyu, kuma ba ni da abin da kika roƙa.

Babu kabari, Marjan. Ban binne ta ba. Ranar da ta mutu, matar da ke kan tebur a asibitin dabbobi ta tambaye ni ko zan tafi da ita gida, ko a ƙona ta ita kaɗai a ba ni tokar, ko a haɗa ta da sauran. Ni kuwa ba abin da nake so sai in bar wurin. Na ce a haɗa. Na sa hannu, na hau keke da kwandon ba komai a ciki. Zancen bishiyar tuffa na ƙirƙira ne a gaban Douwe, don na ga idonsa. Jiya na koma na tambaya ko akwai abin da ya rage. Suka ce an watsa tokar tun watan Oktoba, a wani fili da ba a shiga.

Na faɗa wa Douwe wannan a bakin ƙofa. Ya ce, "To ki ɗebo ƙasar mana. Ƙasa ai ƙasa ce. Kwana nawa ya rage mata? Wa zai sani?" Mutumin da ya ƙi shan kofina ne yake roƙona in ƙara miki wata ƙaryar, yana hawaye.

Na ɗebo. Ƙasar ta daskare, sai da na sa wuƙa. Na cika kwalbar zuma, na ɗaure mata baki da ƙyalle, na tafi tasha na sayi tikiti. Jirgin ƙasa ya zo ya buɗe ƙofa, ina tsaye da kwalba a ƙirji, har ya rufe ya tafi. Na hango ki kina riƙe da ita kina shafawa, kina mata magana. Na dawo gida na juye ta inda na ɗebo.

Wataƙila Douwe ne da gaskiya, wataƙila wannan ma son kai ne, na sauke nauyina a kan mai ciwo. Na juya abin ta kowace fuska ban samu inda ba ya cutar da ke ba. Abin da na sani shi ne, ba ki taɓa gaya mini ƙarya ba, ko a kan rigar da na yi wata uku ina saƙawa kika ce ta yi kama da buhun dankali.

Ranar Alhamis zan zo da ƙarfe biyu, hannu biyu ba komai. Zan zauna a bencin da ke bakin ƙofar shiga har ƙarfe huɗu. Ba sai kin aiko kowa ya sallame ni ba, in lokaci ya yi zan tashi da kaina. Alhamis ta sama ma haka.

Allah ya sassauta miki.

Taki, in kina so,
Ineke