Minsharin Gidanmu

Yaya Nabawiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki sumbaci hannunta a madadina.

Lafiya lau nake a Kuwait, kada ki saurari surutun mutane. Ina barcin rana ne abokan ɗakina suka ji minsharina ya ɗauke ɗif, suka fuskantar da ni alƙibla. Har ɗayansu, Uwais, ya fara karanta Yasin, sai na ja numfashi na tashi. Ya ce, "Kai Shahata, ko ka mutu ko ka rayu, zaɓi ɗaya, shayi na hucewa!"

Likita ya ce maƙogwarona ke rufewa in na yi barci, har jijiyoyin jinina sun kumbura. Ya ba ni na'ura mai hura iska ta hanci. Yanzu ciwon kai ya tafi, kumburin ma ya sauka.

Abu ɗaya ne ban gaya masa ba. Duk lokacin da numfashina ya tsaya, marigayi Baba nake gani a bakin gado yana jirana. Kin san shi ma cikin minshari ya tafi. Tunda na fara sa na'urar ya daina zama. Jiya a ƙofa ya tsaya, ya dube ni ya ce, "A ina ƙanenka Marzuƙ yake kwana?"

Yaya, Marzuƙ ma yana minshari irin namu. Ki kai shi asibiti a birnin Suhaj, kada ki jira a gama girbi. Kafin nan, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.

Ƙanenki,
Shahata