Awa Biyar Ce Tsakanina da Inna, Amma Ban Riske Ta Ba

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ni tela ne a Jidda, na daɗe rabona da gida. Ƙauyenmu yana bayan Dawakin Tofa. Watan jiya mahaifiyarmu ta rasu. Kafin labarin ya iso ni har an dawo daga maƙabarta. Wannan ban ga laifin kowa ba, gawa ba ta jira.

Abin da ke cina shi ne, ashe tun farkon damina take kwance. Kullum na kira ƙanina Muntaka, sai ya ce jiki da sauƙi. Ita ma in an kara mata wayar, da sauƙi. Hajiya, daga Jidda zuwa Kano kilomita dubu uku ne da ɗoriya, jirgi ba ya cika awa biyar. Muna yara, in muka kora jaki da gero zuwa kasuwar Dawanau muka dawo, mukan fi haka a hanya. Yanzu in jirgi ya wuce ta saman shagonmu sai in tsayar da keken ɗinki in yi ta lissafi: da na tashi da hantsi, da na yi la'asar a gabanta.

Ba zan zalunci Muntaka ba. Shi ya yi jinyarta, shi ya nome gonarta, ni sai dai aike. Amma wa ya ba shi ikon yanke mini hukunci? Tun ranar ban ƙara ɗaga wayarsa ba. Ga sadakar arba'in ta matso, ni kuwa ba na son ganin fuskarsa. In je, ko in zauna?

Ɗanku da ke Jidda

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Kana da gaskiya, an tauye maka haƙƙi. Ɗa ya cancanci a gaya masa halin da uwarsa take ciki, shi ya zaɓi zuwa ko zama.

Amma ka san mu. Bahaushe ko yana gargarar mutuwa, da sauƙi zai ce, balle ga wanda ke nesa. Kai da kanka ka ce Inna ma haka ta riƙa ce maka, kuma da wuya Muntaka ya tsallake abin da ta so. Kai fa, sau nawa zazzaɓi ya kwantar da kai a can ka ce musu lafiya lau?

Lissafin nan kuma ka ajiye shi. Awa biyar ta sama ce kawai. Akwai izinin maigida, da neman kujera, da hanyar ƙauye a damina. Wataƙila da ka riske ta, wataƙila a'a. Allah kaɗai ya sani.

Shawarata, ka je. Kafin ka taso ka yi mata Umara, tunda Makka na kusa da kai. In ka isa, ka keɓe da Muntaka ka faɗa masa ciwonka ba tare da faɗa ba, ku kuma ƙulla cewa daga yau duk wanda ya kwanta a gidan, a gaya maka gaskiya. Sannan ka tambaye shi kwanakinta na ƙarshe. Abin da ta ce a kanka yana bakinsa, ba ka da inda za ka same shi sai can.

Jirgin da bai kai ka wurin Inna ba, zai iya kai ka wurin ɗanta tun yana da rai. Allah ya ba ka haƙuri, ya kai ka lafiya.