Yatsan da Na Lanƙwashe

Zuwa ga kakata, Inna Tumba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Luba, jikanyarki. A makaranta an koya mana cewa bayan gaisuwa sai a faɗi maƙasudin wasiƙa. To maƙasudin tawa shi ne in faɗa miki abin da na yi a ɗakinki ranar da kika rasu.

Yau wata uku ke nan da 'yan kwanaki. Garinmu Sisawa lafiya lau. Akuyarki ta haifi biyu. Ni har yanzu ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta Wurno, in an yi mini ta'aziyya ina amsawa. Mutane suna cewa ina da tawakkali. Ni dai ban san mi ke cikina ba. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ke kika yaye ni, ke kuma kika fara gane cewa ni bahaguwa ce. Idan an ajiye tuwo, sai ki ɗaure hannuna na hagu da haɓar zanenki, ki ce, "Wanga hannu na tsarki na, ba na ci ba. Shaiɗan ka ci da shi." In na manta na miƙa miki abu da shi, ba ki karɓa. Sai ki zuba mini ido har in sauya. Ba ki taɓa duka na da ƙarfi ba, ludayi ne kawai a bayan hannu, shi ma sama-sama. Haka na tashi da hannu biyu masu aiki dabam: allo da ci da gaisuwa na dama ne, biro da allura da tsefe kai na hagu. Kin ce na boko bai dame ki ba, tunda dama daga hagu suke fara rubutunsu.

Ban taɓa jin haushinki ba, Inna. Tsoro kike ji mini. A garin nan in bahaguwa ta taɓa irin albasa ya ƙi tsira, an san wanda za a kalla.

Ranar da kika faɗi, muna bakin kwatar ruwa a fadama, kina tsintar lawashin da za ki daka gabu. Na ga kin zauna a ƙasa ba shiri, bakinki ya karkace. Ɓarin damanki duka ya mutu, hannu da ƙafa. Malama Rifkatu ta asibiti ta auna ki ta ce hawan jini ne, ta rubuta magani. Tsofaffin unguwa suka ce iska ce ta buge ki, wai tun da aka datse ruwa a Goronyo mutanen ɓoye suka rasa mazauni, suke bin hanyoyin ruwa suna shiga gonaki. Akwai wadda ta tambaya ko da wane hannu na ba ki ruwan sha a ranar. An sha maganin asibiti, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Hannun bai tashi ba.

Kwana biyu kika ƙi cin abinci. Liman ya zo har ƙofar ɗaki ya ce miki lalura ce, Allah bai ɗora wa bawa abin da ba ya iyawa, ki ci da hagu ba ki da laifi. Kika ce kin ji. Da ya fita kika juya fuska bango. Shekara saba'in kina tsare hannun nan daga kwano, ba za ki fara yanzu ba. Dole ni na riƙa ba ki a baki, da damata, rabi na zuba a zane.

Amma abin da ya fi damunki ba abinci ba ne. Tahiya ce. Kina salla a zaune, in kin zo wurin shaida, yatsan dama ba ya ɗaguwa. Na gan ki kina kallon sa bayan kin sallame, kamar kina kallon yaron da ya ƙi aike. Washegari kika ce, da bakin nan da ba ya fita sosai, "Ƙawa, taho nan ki zamna." Na zauna a damanki, mu duka muna fuskantar gabas. In na ji kin kai wurin, sai in buɗe yatsan in riƙe miki shi a miƙe. Da na saki sai ya koma ya dunƙule da 'yan'uwansa.

Wanda ya zauna a daman mutum, hannunsa na hagu ne ke kusa. Mun yi sati kafin ki lura. Kika dubi hannuna, kika dube ni, kika ce, "Bahaguwa, riƙe da kyau, kak ki kai ni wuta." Sai kika yi dariyar nan ta gefen baki ɗaya. Ba ki ce in sauya ba. Wata takwas muna haka. Azahar ma jirana kike in dawo daga makaranta, don ba ki yarda Mamma ta taɓa ki, kunyar suruka.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewayawa.

Asabar ce, da hantsi, lokacin cirar albasa. Kowa yana fadama, daga ni sai ke a gida. Ina wanke-wanke na ji numfashinki ya sauya. Na shigo na durƙusa, na fara karanta miki kalmar shahada yadda aka koya mana a Islamiyya. Leɓenki na motsi, sauti ba ya fita. Idonki a buɗe, kina ji na. Ba ki jira na zagayo damanki ba. Kika ɗaga hannunki na hagu da kanki, kika miƙe manuniya sama. Kin riƙe shi haka har na maimaita sau uku. Sannan hannun ya sauka a ƙirjinki, yatsan yana miƙe.

Inna, ban yi tunani ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne kada a shigo a same ki da hagu. Ke da ko goro ba ki taɓa karɓa da shi ba. Na kama yatsan na lanƙwashe shi, na tura hannun ƙarƙashin mayafi. Na zagaya na jawo na dama, na buɗe manuniya kamar kullum. Da na saki, bai koma ba. A nan na gane kin tafi.

Ina nan durƙushe Goggo Hauwa ta yi sallama, ta kawo miki kunu. Ta dubi fuskarki, ta dubi hannun, kwanon ya suɓuce mata. Ta fita tana salati tana kiran mutane su zo su gani, hannun da ya yi wata takwas a mace ya tashi ya yi shahada. Mata suka cika ɗaki. Babu wadda ta tambaye ni komai, sai dafa kaina suke suna cewa na ga abin da ba kowa ke gani ba. Na buɗe baki, na rufe. Kin san ni da kunyar mutane.

Kafin sadakar uku labarin ya kai Wurno. Kafin ta arba'in wani ɗan acaɓa ya ba Baba labarinki a Rabah, bai san ɗanki ya ɗauko ba, har da ƙarin cewa ɗakin ya cika da ƙamshi. Baba ya dawo yana share ido da hularsa. Tun rasuwarki ban ga abin da ya sanyaya masa rai kamar wannan ba. Na ce a raina, to mi zai ragu in na yi shiru? Ai kin yi shahadar. Hannu ne kawai na sauya.

Da haka na zauna, har ranar Laraba waccan.

Wata mata ta zo daga wajen Goronyo, goye da yarinya 'yar kamar shekara uku. Hannun yarinyar na dama a sake yake tun haihuwa, siriri kamar karan gero. Ta ce ta ji labarin baiwar Allah da mataccen hannunta ya tashi, tana roƙon a ɗebar mata ƙasar wurin da hannun ya kwanta. Mamma ta ce in kai ta, tunda ni na san wurin. Na kai ta. Na ɗebi ƙasar na zuba mata a leda. Tana ƙullewa take gaya mini cewa wata huɗu tana kai yarinyar asibiti Sakkwato ana yi mata gashin ƙashi, har yatsun sun fara ɗan motsi, amma hanya ta gajiyar da ita, yanzu kam ta huta tunda ta samu wannan. Ta sa mini albarka. Na raka ta har bakin hanya. Ban tambayi sunanta ba. Na dawo na ƙarasa tankaɗen da nake yi.

Kwana biyu ina ganin yatsun yarinyar nan a kan allon aji.

Ranar Juma'a da yamma na bi Baba fadama. Na same shi tsugune yana kwance injin ban ruwa. Na tsaya a bayansa na faɗa masa duka, ina kallon ƙasa. Bai juyo ba. Ya daɗe yana goge wani ƙarfe da tsumma. Can ya ce, "Ta dai ɗaga?" Na ce ta ɗaga. Ya ce, "Da kanta?" Na ce da kanta. Ya ce, "To mi kika ɓoye muna, Luba? Wanga ai ya hi wancan." Da muka kusa gida ya tambaye ni kamannin matar.

Ya je Goronyo sau biyu a kan mashin, ya bi kasuwa, ya bi ƙauyukan masunta na bakin dam. Mata masu goyo da yawa, ba mu da sunan wadda muke nema. Da ya dawo na biyun ya ce tunda baki ne ya kai labarin, sai a bi shi da wani bakin a gyara. Shi zai faɗa a masallaci. Ni kuma in rubuta, a sa a waya, ko wani zai gani ya gane ta. Goggo Hauwa ta daina amsa gaisuwata, ta ce na tone wa mamaciya asiri don in wanke hannuna. Ban san ko tana da gaskiya ba.

Shi ya sa wasiƙar da ya kamata ta tsaya tsakanina da ke, wasu ke karanta ta. Ki yi haƙuri da wannan. Matar doguwa ce, baƙa, tana da zane uku-uku a kumatu, yarinyar kuma na ji tana kiran ta Ummi. Duk wanda ya san ta ya gaya mata ƙasar ɗaki ce kawai, irin ta kowane ɗaki. Ta mai da Ummi wurin gashi.

Ke kuma, Innata, ƙawata, ga abin da nake roƙo. Abu na ƙarshe da kika yi a duniya da ƙarfinki, ni na lanƙwashe shi na rufe da mayafi. Na ɗauka ina rufa miki asiri ne. Ki yafe mini. Ban san mi kika ji a ranki lokacin da kika ɗaga shi ba, ko kin manta wane hannu ne, ko kin sani kika ɗaga. Na so in tambaye ki.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Allah ya karɓi shaidar da kika yi da kanki, wadda ba wanda ya riƙe miki. Allah ya ba Ummi lafiya, ya sa saƙon nan ya riski uwarta tun yatsun ba su daina motsi ba. Amin.

Taki har kullum,
Jikanyarki, Luba
Sisawa