Kwalaben Zakiyya

Zuwa ga Abban Jamil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman Kaduna? Jamil lafiya lau, ya fara rarrafe.

Tunda ka kashe mini waya ban ƙarasa magana ba, ga takarda, ita ba a kashe ta.

Ka san a makarantar su ƙanwata Zakiyya ita aka zaɓa ta je gasar kimiyyar sinadarai ta ƙasa, kai ma har barka ka yi mata. Ka kuma san ɗakin gwajinsu ba komai sai kujeru. Shi ya sa malaminsu ya ce ta riƙa gwaji da abin da ke gida. Ta jiƙa zoɓo a kwalabe ta jera a bayan rumbu. In ta ɗiga ruwan kanwa sai jan ya koma kore-kore, in ta matsa lemon tsami ya dawo ja. Ni kaina tsayawa nake ina kallo, ina hango ta da farar riga a babban asibiti.

Abin da yayanka Ɗanliti ya gani ke nan da ya zo ɗibar gero. Kafin la'asar gida ya ɗauka wai asiri muke haɗa maka don ka manta da Innarka. Aka zubar da kwalaben a masai. Inna ta daina cin tuwona, ta kuma ce Zakiyya ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba. Inna da kullum take sa kanwa a miyar yakuwa!

Duk wannan bai ƙona mini rai kamar naka ba. A littattafan da kake yi mini dariya a kansu, namiji yakan tambayi matarsa kafin ya yanke hukunci. Kai ko tambaya ba ka yi ba, ka ce a mayar da ita ƙauyenmu, inda ba makaranta, saura mako biyu gasa.

Ina jiran amsarka.

Matarka,
Aina'u

Zuwa ga Abban Jamil,

Assalamu alaikum. Ina fatan zazzaɓin da direban da ya kawo saƙonka ya ce kana yi ya sauka. Ka sha magani.

Na ga saƙonka. Ka ce ka san ƙarya aka yi mana, amma in yi haƙuri kada Inna ta ji kunya. Wato ka sani ke nan, ka zaɓi mu mu ji ta.

Jiya na tarar Zakiyya ta ɗaure littattafanta a buhu. Wai ta fasa gasar, ba za ta kashe mini aure a kan zoɓo ba. Yarinyar da take bitar darasi tana surfe. Na kwance buhun, na kai ta Ɗanbatta wurin Gwaggo Maimunat, kusa da makaranta. Gwaggo da hannunta ta wanke mata sababbin kwalabe.

Ni na dawo ɗakina. Ina gaida Inna, ina kai mata tuwo ana dawo da shi. Ban yi yaji ba, ba kuma zan yi ba.

Ranar Litinin motarsu za ta tashi zuwa Abuja, zan goya Jamil in raka ta. In ka zo kafin nan ka faɗa wa Inna abin da ka rubuto mini, mu tafi tare. In ba ka zo ba, kada ka kira ka tambaye ni ko Zakiyya ta ci gasar.

Ka huta lafiya.

Aina'u